Amsa ga Malama kan lamba 720,720 da ɗalibinta ya kawo aji

Malama, saƙonki ya iso. Kin ce wani yaro ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, a makarantar da kike koyarwa a Tudun Wada, ya shigo aji da lamba 720,720 rubuce a bayan littafinsa. A wayar yayansa ya gan ta, an jera mata laƙabi iri-iri, har an ce lambobi 240 ne ke raba ta ba saura. Yana so ya san yadda aka yi aka ƙirga su da abin da laƙabin nan ke nufi, ke kuma ba ki so ki sallame shi da amsar da ke kanki ba ta gamsar da ke ba. Kin kyauta, 'yata. Na haura shekara talatin da alli a hannu a garin nan na Zariya kafin in ajiye aiki, kuma yaro mai kawo irin wannan tambaya ba kullum ake dacewa da shi ba.

Ki fara sa shi ya karanta ta da baki. In ya ce "dubu ɗari bakwai da ashirin", ki tsayar da shi ki tambayi aji ko 700,020 suka ji ko 720,000, za ki ga sun rabu gida biyu. Shi ya sa 'yan kasuwa ke maimaita dubun: dubu ɗari bakwai da dubu ashirin da ɗari bakwai da ashirin. Da mutum zai ƙirga ta, lamba ɗaya a kowace daƙiƙa, ba barci ba cin abinci, zai yi kwana takwas da awa takwas da minti goma sha biyu. Wannan don yaro ya ji nauyinta ne kurum. Girman lamba ba ya faɗin halinta. Mai faɗin halinta shi ne tubalin da aka gina ta da shi.

Tubalan su ne lambobin da ba abin da ke raba su sai ɗaya da su kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, haka har ba iyaka. A aji mukan ce firaim. Ni gagara-raba nake ce musu, yarana kuma sun fi riƙe wannan sunan. Duk lambar da ta wuce ɗaya, ko dai ita kanta gagara-raba ce, ko kuwa gagara-raba aka ninka da juna ta fito, kuma hanya ɗaya tak take warwaruwa. Ta ko'ina kika soma tsinka ta, tubalan da za ki tarar a ƙarshe su ne dai. Tushen wannan magana yana cikin littafin Yuklid, masanin lissafin Girkawa, tun wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, Kamaluddin al-Farisi ya yi aiki a kanta wajen 1300, Bajamushe Gaus kuma ya kafa mata cikakkiyar hujja a 1801.

Ita 720,720 asirinta a goshinta yake, 720 ce aka rubuta sau biyu. Duk lamba mai alƙaluma uku da aka maimaita haka, da 1,001 aka ninka ta: sau dubu ya tura ta gaba ya bar gurbin sifili uku, sau ɗaya ya cike gurbin. Ita kuwa 1,001 ba komai ba ce sai 7 × 11 × 13. Saura 720, wadda take 16 × 45, wato biyu sau huɗu, uku sau biyu, da biyar guda. Ga ta nan a warware:

720,720 = 2 × 2 × 2 × 2 × 3 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13

Kafin ki rubuta wannan a allo, ki yi musu wasan da na saba yi. Kowa ya zaɓi lamba mai alƙaluma uku ya ɓoye, ya rubuta ta sau biyu a jere, ya raba da 7, abin da ya samu ya raba da 11, sannan da 13. Ki ce musu ba wanda zai ga saura, kuma kowa lambarsa za ta dawo masa. Ranar da na fara gwada shi, wani yaro ya je gida ya ce malamin lissafi ya iya tsibbu. Daga wasan nan ake samun hanyar gwada kowace lamba mai alƙaluma shida: ki raba ta uku-uku, ki ɗebe ƙarami daga babba. A 831,600, in an ɗebe 600 daga 831 saura 231, ita kuwa 3 × 7 × 11 ce, don haka 7 da 11 na raba 831,600 amma 13 ba ta shiga.

Yanzu ga inda 240 ta fito, kuma nan nake so ki daɗe da su. Ki ɗauka kin je Kasuwar Sabon Gari gaban mai kayan miya, a faifansa akwai tumatir huɗu, attarugu biyu, albasa ɗaya, tattasai ɗaya, gauta ɗaya, kuɓewa ɗaya. Ya ce ki ɗebi abin da kike so. Tumatir kina iya ƙin ɗauka, ko ki ɗauki ɗaya, biyu, uku ko huɗu: zaɓi biyar ke nan. Attarugu zaɓi uku. Sauran huɗun kowanne zaɓi biyu ne, a ɗauka ko a bari. Kwando iri nawa za ki iya haɗawa? 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2, wato 240. To tumatir su ne biyun nan guda huɗu, attarugu su ne ukun, sauran kuma 5, 7, 11 da 13. Duk lambar da ke raba 720,720 kwando ɗaya ce daga cikin waɗannan. Wanda ya ɗauki biyu sau biyu da uku da bakwai ya samu 84. Wanda ya ɗauki 11 da 13 kaɗai ya samu 143. Wanda ya tafi hannu rabbana bai ɗauki komai ba ya samu 1, wanda ya kwashe faifan duka ya samu lambar kanta. Yara sukan manta da zaɓin "ban ɗauka ba", su ninka 4 × 2 × 1, su fito da takwas. Ki bar su su yi kuskuren, sannan ki tambaye su ina kwandon wanda ba ya son tumatir.

Masu raba lamba biyu-biyu suke tafiya, ƙarami da abokinsa babba: 1 da 720,720, 2 da 360,360, har su haɗu a tsakiya. Nan tsakiyar ita ce 840 × 858. Da manomi zai shuka ramuka 720,720 yana son gonar ta kusa zama murabba'i, kunya 840 zai ja, kowace da rami 858. Jimilla hanya 120 yake da ita ta tsara gonar.

Laƙabin farko da yaron ya gani, wanda ya fi kowanne nauyi, shi ne cewa lambar zakara ce wajen rabuwa. Ma'anarsa, duk lambar da ba ta kai ta girma ba, ba ta kai ta yawan masu raba ta ba. Jerin zakarun daga ƙasa yake tasowa: 1, 2, 4, 6, 12, 24, 36, 48, 60, 120, 180, 240, 360, ya yi ta hawa. Gab da tamu akwai 554,400 mai 216 da 665,280 mai 224, sai 720,720 mai 240, kuma ba a sake kafa sabon tarihi ba sai an haye miliyan. Akwai masu yin kunnen doki da ita a ƙasa da miliyan, kamar 831,600 da 942,480, amma ita ta riga su isa. Ki duba 942,480 da kyau: tubalanta irin na tamu ne sak, sai dai an cire 13 an sa 17. Yawan kwanduna bai canja ba, lambar ce kawai ta yi ƙiba a banza. Wannan ke nuna yadda ake gina zakara: da tubalan da suka fi araha, daga 2 zuwa sama ba tsallake, kuma ƙaramin tubali ba ya kasa na gaba da shi yawa. Huɗu, biyu, ɗaya, ɗaya, ɗaya, ɗaya. Ramanujan, ɗan ƙasar Indiya da ya rasu a 1920 yana ɗan shekara 32, shi ya yi dogon nazari a kan wannan jeri a 1915. Cikin abin da ya nuna har da cewa tubali mafi girma sau ɗaya yake fitowa a kowace zakara, in ban da 4 da 36.

Kada yara su ɗauka wannan wasan masu littafi ne. Tun kafin a ba su suna mutane ke neman irin waɗannan lambobi: dozin 12, awa 24, minti 60, digiri 360 a da'ira. Ina yaro, kafin naira ta shigo ranar 1 ga Janairu 1973, fam ɗaya sule ashirin ne, kowane sule kwabo goma sha biyu, wato kwabo 240. In 'yan dako uku suka samu fam, kowa sule shida da kwabo takwas. In su shida ne, sule uku da kwabo huɗu. In su takwas ne, sule biyu da sisi. Ba mai cewa a nemo canji ko a yafe ragowa. Lambobi 20 ke raba 240, ɗari kuwa 9 kacal, shi ya sa naira ɗaya ba ta rabuwa uku sai kwabo ya yi saura. An samu sauƙin rubutu da tarawa, an rasa sauƙin rabo. Daidaituwar kwabo 240 da masu raba lambarmu 240 kuwa katari ne kawai, kada wani ya gina magana a kai.

Masu rabon gado su suka fi kowa sanin wannan a aikace. Kason da Alƙur'ani ya yanka shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Malamin da ke cikin birni in ya zauna rabo, abin da yake fara nema shi ne asalin mas'ala, ƙaramar lambar da duk kason da ke gabansa za su fita daga cikinta ba karaya, kuma asalin nan bakwai ne: 2, 3, 4, 6, 8, 12, 24. Abin da muke koyarwa a aji ke nan da sunan ƙaramin ninki na tarayya. Ƙaramar lambar da 1 zuwa 10 duk ke rabawa ita ce 2,520, kuma tsofaffin masu hisabi na riƙe ta da cewa kwanakin mako sau kwanakin wata sau watannin shekara, 7 × 30 × 12. In aka ce har 16 ake so, amsar ita ce 720,720. Ba wata ƙasa da ita da za ta yi wannan aiki.

Ki gwada musu. Mutum ya rasu, bayan an fitar da bashi da wasiyya ya bar naira 720,720, da mata ɗaya, da mahaifiyarsa, da 'ya'ya maza biyu mata uku. Tumunin matar 90,090. Sudusin uwa 120,120. Saura 510,510 na 'ya'ya, namiji rabon mata biyu, kaso bakwai ke nan: kowace mace 72,930, kowane namiji 145,860. Ko kwabo bai faɗi ƙasa ba. Sai ki canja magadan: mata, 'ya'ya mata biyu, uwa da uba, mas'alar da malamai ke kira Minbariyya. Asali 24 ne, amma matar tana da 3, 'ya'yan 16, uwa 4, uba 4, sun tashi 27, mas'ala ta yi auli, wato kason sun zarce asali, sai a raba gadon gida 27. A nan zakararmu ta durƙusa: in aka raba 720,720 gida 27, naira 9 na yin saura. Dalili a fili yake, 27 na bukatar uku sau uku, mai kayan miya kuwa attarugu biyu gare shi. Haka nan in 12 ta yi auli zuwa 17, saura 5 za a samu, don babu 17 a faifan. Wanda ya riƙe tubalan ya san wannan tun bai taɓa alƙalami ba.

Laƙabi na biyu, mai yalwa, tsoho ne ƙwarai. Wani Bagirke, Nikomakus, wajen shekara ta 100 miladiyya ya kasa lambobi uku, malaman hisabi na Musulunci kuma suka gaji rabon da sunan za'idi, tammi da naƙisi. Ki tara masu raba lamba, ban da ita kanta. In sun yi daidai da ita, kammalalliya ce, kamar 6 da take 1 + 2 + 3, da 28, da 496, da 8,128. In sun gaza, tauyayya ce, kamar 10 da nata suka tsaya a 8. In sun zarce, mai yalwa ce, ta farkonsu 12, wadda nata suka kai 16. Ba sai kin jera 240 ɗin kin tara ba. Kowane tubali ki tara zaɓinsa: na biyu 1 + 2 + 4 + 8 + 16 = 31, na uku 1 + 3 + 9 = 13, na biyar 6, na bakwai 8, na goma sha ɗaya 12, na goma sha uku 14. Ki ninka su, 31 × 13 × 6 × 8 × 12 × 14, za ki samu 3,249,792. A cire ita kanta, saura 2,529,072, ninkinta uku da rabi da ɗan ɗoriya. Nan ma tarihi ta kafa, ba wata ƙasa da ita da jimillar masu raba ta ta ninka ta har haka.

Daga wannan tarawa ne aka samu lambobi aminai, 220 da 284, inda masu raba kowace ke taruwa su ba da ɗayar. Sabit bin Ƙurra ya fitar da ƙa'idar samo irinsu a Bagadaza a ƙarni na tara. Kammalallun da aka sani zuwa yau 52 ne, duk cika ne, kuma har yanzu duniya na neman wanda zai kawo kammalalliya mara ko ya kafa hujjar cewa babu. Yaron aji uku zai fahimci tambayar cikin minti biyu, amma ta gagari masana shekara kusan dubu biyu. Ki faɗa masa, irin wannan ke hana yaro mai ƙwaƙwalwa raina darasi.

Wannan kuma naki ne ke kaɗai, ba na aji ba. Jimillar nan 3,249,792 in an raba ta da 720,720 tana ba da kusan 4.51. A 1984 wani Bafaranshe, Roban, ya nuna cewa hasashen da Bajamushe Riman ya yi a 1859 kan yadda gagara-raba suke bazuwa cikin lambobi, wanda aka sa wa ladan dala miliyan ɗaya a shekara ta 2000, daidai yake da cewa wannan awo ba zai taɓa haye wata iyaka ba ga duk lambar da ta wuce 5,040. Iyakar a wajen lambarmu kusan 4.63 ce. Ta matso, ba ta taɓa ba. In akwai lambar da za ta karya hasashen, a dangin su 720,720 ake sa ran ganinta, shi ya sa manya ke sa musu ido.

To, mu leƙa maƙwabta, don a nan ake gane cewa girma ba hali ba ne. Ta bayanta, 720,719, ita ce 31 × 67 × 347, masu raba ta takwas. Ta gabanta, 720,721, ita ce 71 × 10,151, masu raba ta huɗu rak. Gida ɗaya ke tsakani, amma ɗaya attajira ce, biyun kuma tauyayyu ne na ƙin ƙarawa.

Wannan ta gaban ta tuna mini da kunyar da na sha a shekarata ta biyu da fara koyarwa. Ina nuna wa 'yan aji biyar hujjar Yuklid cewa gagara-raba ba su da ƙarshe. Na ce a ninka su a ƙara ɗaya, sabuwar gagara-raba za ta fito. Na rubuta 7, 31, 211, 2,311, duk gaskiya ne. Na ci gaba da ƙarfin gwiwa: 2 × 3 × 5 × 7 × 11 × 13 ya ba da 30,030, don haka 30,031 ma gagara-raba ce. Na ja layi biyu a ƙasa. Bayan kwana biyu wani yaro da ke zama a bencin baya, wanda ban taɓa jin muryarsa ba, ya jira aka tashi, ya rusuna ya miƙo mini takarda da aka yago daga tsakiyar littafi, gefenta da baƙin hayaƙin aci-bal-bal. Dogon rabawa ne guda goma sha ɗaya a jere, da 17, da 19, da 23, har zuwa 59, inda saura ya zama sifili. A ƙasa ya rubuta 59 × 509. Bai ce komai ba sai "Malam, ko ni ne na yi kuskure?" Washegari na sa shi ya rubuta a allo da hannunsa. Abin da Yuklid ya faɗa shi ne, tubalan sabuwar lambar ba sa cikin waɗanda aka ninka, ba wai ita kanta tubali ce ba. 59 da 509 ba sa cikin jerin, hujja ta tsaya daram, ni ne na yi mata ƙari. Ki yi hattara, 720,721 tarko ne iri ɗaya: 2 zuwa 16 duk suna barin saura ɗaya, sai mutum ya yi gaggawar yanke hukunci. Sai an yi rabawa goma sha huɗu kafin a iso 71.

Mai gwaji yana da wurin tsayawa. Tunda masu raba lamba biyu-biyu suke, ƙaramin ba zai wuce tushen murabba'inta ba. 849 × 849 ya ba da 720,801, ya riga ya zarce, don haka a wannan unguwa duk lambar da gagara-raba na ƙasa da 849 suka kasa rabawa, ita ma gagara-raba ce. Ga lamba mai alƙaluma shida aikin yamma ɗaya ne. Amma wahalar na hauhawa da sauri ƙwarai. Ninka 71 da 10,151 minti ɗaya ne, komawa baya daga 720,721 kuwa sai an yi gumi. A kan wannan bambanci aka gina RSA a 1977, ɗaya daga cikin manyan hanyoyin kulle saƙo a intanet da harkar banki. Makullin lamba ce mai tubali biyu irin 720,721, sai dai alƙalumanta kan kai 617. A 2020 masana sun haɗa kwamfutoci masu yawa kafin suka warware irinta mai alƙaluma 250. Wato maƙwabciyar nan matalauciya ita ce mai gadin asusu, attajirar kuwa ko ƙofar kaji ba za a kulle da ita ba.

Sauran laƙabin da ke biyo baya a irin jerin da yaron ya gani, ki koya masa ya riƙa yi musu tambaya ɗaya: wannan halin lambar ne, ko na rigar da aka sa mata? Maimaituwar 720 sau biyu riga ce, don da goma-goma muke rubutu. In kwamfuta ta rubuta ta da sifili da ɗaya, 10101111111101010000 take zama, maimaici ya ɓace. Abin da bai ɓace ba shi ne sifili huɗun ƙarshe, waɗanda su ne biyun nan guda huɗu. Za kuma ya ga an ce mata harshad, sunan da wani malamin makaranta ɗan Indiya, Kaprekar, ya raɗa wa lambar da jimillar alƙalumanta ke raba ta: 7 + 2 + 7 + 2 = 18, kuma 18 ta shiga sau 40,040. Wannan ma riga ce. 27 harshad ce a rubutunmu, a na kwamfuta kuwa 11011 ce, jimilla huɗu, huɗu ba ta raba 27. Tamu ta tsallake har a can, don ɗaya goma sha biyu ne a jerin kuma 12 na raba ta, amma albarkacin tubalanta ta ci. A ganina rabin laƙabin da ake jerawa ado ne na cika shafi. Ba laifi yaro ya yi wasa da su, muddin ya san wanne ne ƙashi wanne ne kwalliya.

Na murabba'i kuwa ƙashi ne, kuma a gurguje ake karanta su daga tubalan. Ba murabba'i ba ce, don 5, 7, 11 da 13 ba su da abokan tafiya. Sai an ninka ta da 5,005 take zama 60,060 × 60,060. Ba ta zama jimillar murabba'i biyu, saboda 7 da 11 suna barin saura uku in an raba su da huɗu kuma sau ɗaya-ɗaya suka fito, ƙa'idar da ta samo asali daga Ferma, masanin lissafi Bafaranshe. Da uku kuwa tana yiwuwa: 848 × 848, da 40 × 40, da 4 × 4, wato 719,104 + 1,600 + 16.

In akwai almajirai a ajin da suka saba ganin hatimi, ki ba su wannan. A ɗauki hatimin gida tara da aka sani, 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa, a ƙara wa kowane gida 240,235. Kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da 720,720, da 240,240 a tsakiya. Lissafi ne zalla, uku na raba ta shi ya sa ya yiwu. Ki kuma gaya musu cewa Muhammadu bin Muhammadu al-Fulani al-Katsinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin gina irin waɗannan gidaje masu layi mara, kuma masu tarihin lissafi na duniya na ambatonsa har yau.

Shi kuma mai tambayar, ki ba shi 1,081,080 ya tafi da ita gida, ita ce ta karɓe kambun daga hannun 720,720. Kada ki faɗa masa komai sai cewa ya nemi 1,001 a cikinta kafin ya taɓa kalkuleta. Zai tarar da 1,080 × 1,001, biyu sau uku, uku sau uku, da 5, 7, 11, 13, kuma in bai manta da kwandon wanda bai ɗauka ba, zai kawo miki 256. In ya kawo, ki tambaye shi ko wannan za ta raba gadon Minbariyya ba saura, kuma ya faɗi dalili ba tare da ya yi rabawar ba.